Yadda ake sharhin fim ɗin da aka ciro daga wasan dandamali

Kuskuren da sabon mai sharhi ke fara yi shi ne ya riƙe littafin wasan a hannu yana ƙirga layukan da aka cire. Wasa mai kashi uku yakan ci awa biyu zuwa uku a dandamali, fim kuwa galibi minti 90 zuwa 120 ne, kuma shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya yake ci a allo. Yanka dole ne. Abin dubawa shi ne me aka yanke, me kuma kyamara ta ajiye a gurbinsa.

A karanta wasan tukuna, a ware fitowa uku ko huɗu da labarin ya rataya a kansu. Kallon fim ɗin na farko ba alƙalami. Na biyu da takarda, ana rubuta mintin da kowace fitowa ta fara. Daga nan a kashe sauti na minti goma. In labarin ya tsaya cak, to wasan dandamali aka ɗauka da kyamara, ba a yi fim ba.

Hyènes na Djibril Diop Mambéty, ɗan Senegal, wanda ya fito a 1992, ya cancanci a zauna a kansa. Daga wasan Friedrich Dürrenmatt, marubuci ɗan Switzerland, wanda aka fara nunawa a 1956 aka ciro shi: tsohuwa ta dawo garinsu da dukiya, ta ce za ta wadata kowa in aka kashe mutumin da ya yaudare ta tana budurwa. Mambéty ya kai labarin Colobane a Senegal, ya mai da zancen Wolof. Bai sa mutanen gari su furta kwaɗayinsu ba, ya nuna su ne suna cin bashi a kantin mutumin, firij da fanka suna shigowa gari. Mai sharhin da ya tsaya kan sunayen da aka sauya bai ga wannan aikin ba.

Wajen ƴan wasa aka fi yin zalunci. Wanda ya saba da filin Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda a Yamai yana ɗaga murya, yana buɗe hannu, don na layin ƙarshe ya ji ya gani. Kyamara ta matso fuskarsa, sai abin ya yi yawa. Darakta ne bai sassauta shi ba, shi ya kamata a ambata. Haka shirun da ɗan wasa ke bari don dariyar ƴan kallo ta lafa: a fim rami ne, kuma mai tace hoto ne ya bar shi.

Fita da labari waje ma tana da haɗari. Rikicin kishiyoyi da ya yi zafi saboda tsakar gida ɗaya ta haɗa su, in aka watsa shi kasuwa da bakin kogi, sai ya huce.

In fim ɗin na Hausa ne, a saurari zancen da kunne kafin a duba fassarar Faransanci da ke ƙasan allo. Layi biyu kawai take ɗauka, kuma karin magana da habaici su ne farkon abin da ke zubewa a cikinta.