Injin taliyar da bai taɓa ganin fulawa ba

Ranar da Gwaggo ta zo Yamai daga Tawa, a tsakar gida ta tarar da ni ina murza injin taliya, ta ɗauka abincin rana nake haɗawa. Da ta matso ta ga abin da ke fitowa shuɗi ne shar, kamar an tsamo shi daga marina, sai ta ja da baya. "Ke, wa za ki ba wannan ya ci?" Na ce mata yumɓu ne, Gwaggo. Ta tsinki guntu, ta shinshina, ta matsa shi tsakanin yatsu, ta ajiye. "Roba ce. Kada ki ɓata wa yumɓu suna."

Da gaskiyarta. Ba daga ƙasa ake haƙo shi ba. Garin PVC ne, irin robar da ake yin bututun famfo, aka cuɗa shi da launi da wani mai da ke sa shi laushi. A Jamus ya samo asali, a hannun Fifi Rehbinder, ɗiyar Käthe Kruse mai sana'ar ƴar tsana, kuma a 1966 ya shiga kasuwa da sunan Fimo. Iska ba ta busar da shi. Ko wata guda ka bar shi a kan tebur yana nan yana jiranka, sai wuta ta taɓa shi yake yin tauri. Ni dai yumɓun roba nake ce masa, don in raba gardama.

Wata ƙawata ce ta kawo mini tsarabar ƙulli uku daga Faransa, kowane giram 57, shekara bakwai ke nan. Ƴan kunnen farko da na yi, a tukunya na rufe su na ɗora a kan gawayi, don a tunanina gashi gashi ne. Hayaƙin da ya tashi sai da ya sa ni hawaye da tari, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko taya ake ƙonawa. Daga baya na karanta bayan takardar: digiri 110, minti 30. Yanzu ina da ƙaramin murhun lantarki na hannu da na saya a kasuwar Katako, da ma'aunin zafi a cikinsa, domin lambar da ke jikin maɓallinsa ƙarya take yi. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, dole in sake daga farko, in ba haka ba ɗan kunnen zai karye a hannun mai shi kamar ƙuli-ƙuli. Shi ya sa bayan sallar asuba nake gashi.

Zafin Yamai kuwa abokin gaba ne. A Afrilu, lokacin da ma'auni ke kusantar 45, yumɓun yakan saki jiki kamar man shanu, zanen yatsana ya fito a kansa raɗau. Sai in danne shi tsakanin fararen takardu su tsotse man. Na taɓa manta ƙulli huɗu a ɗaki mai rufin kwano na yi tafiyar mako biyu. Da na dawo sun fara gasa kansu, suna marmashewa. Tun ranar a gwangwanin alawa nake ajiye shi, a gindin randa.

Abin da ya riƙe ni a wannan sana'a shi ne sanda. Za ka murza baƙi ya zama falle, ka naɗe farin mulmule da shi, ka yi irinsa shida, ka jera su kewaye da rawaya, ka cike saƙo-saƙo da ja. Abin ya fito gajere mai kauri kamar gwangwanin tumatir, ba kyan gani. Daga nan sai haƙuri: matsa daga tsakiya, ja a hankali, juya, sake matsawa, har ya koma sirantar fensir. Ka bar shi ya huce, ka sa reza ka yanka. Furen nan da ka gina yana nan a fuskar kowane yanki, ya ƙanƙance amma ko ganye ɗaya bai ɓata ba. Har yau in zan yi yankan farko sai na riƙe numfashi.

Da na yanka a gaban Gwaggo shiru ta yi. Can ta sa hannu cikin wuyan rigarta ta zaro wani zare mai tsohuwar tsakiya guda ɗaya, doguwa, mai furanni ja da rawaya, bakinta duk ya cinye. Ta kakarmu ce. Na sha ganinta ina yarinya, ban taɓa tambayar yadda aka yi furannin suka shiga ciki ba. Irin waɗannan duwatsu na gilashi a Murano ake yin su, kusa da Benis ta Italiya, ana kiran aikin millefiori, wato furanni dubu, fatake suka baza su a Afirka ta Yamma tun ƙarni na 19. Sanda suke ginawa su ma, su ja ta tana da zafi, su yayyanka. Abin da suke yi da wuta a gaban tanderu, shi nake yi da injin taliya a gindin dogon yaro.

Ciniki wani labari ne. Mutanenmu da hannu suke auna daraja. Mace za ta ɗauki sarƙa ta jijjiga a tafinta ta ce, "Ai ba nauyi," ta wuce wajen maƙeran azurfa na Wadata, kuma ban ga laifinta ba, azurfa ajiya ce. Masu riƙe ni su ne ƴan biki. Ƙawayen amarya su kawo ƙyallen atamfar anko, in zauna ina haɗa launi har ya yi daidai da na zanen, in fitar musu da ƴan kunne talatin iri ɗaya, marasa jan kunne ko an kwana ana rawa. Wannan kam azurfa ba ta iya shi. Kayan aikin ne dai ke wahalar samu, sai an yi saƙo daga waje, kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 tsada ta ƙaru. Don haka ko ɓurɓushi ba na zubarwa: in cuɗe ragowa su zama toka-toka, in yi cikin dutse da su, in lulluɓe da yanka masu kyau.

Kwana tara Gwaggo ta yi. Daren da za ta koma na kwaikwayi tsakiyar kakarmu, ja da rawaya, har da cinyayyen bakin na goge da takardar yashi. Da safe a tasha na miƙa mata. Ta ƙwanƙwasa ta a haƙori, ta yamutsa fuska, ta ce, "Ba ta ƙara." Sannan ta kwance zaren wuyanta ta zura ta kusa da tsohuwar, ta ɗaure, ta mayar cikin riga.

"In za ki zo da Sallah," in ji ta, tana hawa mota, "ki yo wa ƴan'uwanki na robar nan. Kore. Kuma ki sayi wani injin, gida ba ya zama ba taliya."