Kaset ɗin da ba za su dawo ba

Shekara bakwai na yi a ɗakin sauti na gidan rediyonmu, ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makulli. Cikin duk abin da ya faru, maganar kaset ɗin nan ce ta ƙi barin raina.

Abokan aiki sun san kwalayen da ke ɗakin ajiya: tsofaffin kaset na makaɗan goge da kukuma da kalangu, da hirarrakin dattawan da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ni aka ɗora wa juye su cikin kwamfuta, na kuma fara da WAV, tsarin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, yadda ya dace. Amma WAV akwai cin wuri. Minti ɗaya a ingancin faifan CD kan ci kusan megabait 10, kaset na awa ɗaya wajen 600 ke nan. Ba a jima ba ma'ajiyar kwamfuta ta cika.

Na je wa oga da buƙatar a sayo wata. Ya ce, "Babu kuɗi. Mayar da su MP3 ka goge manyan, ai kunne ba ya bambancewa." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Nan nawa laifin yake. Na san FLAC, wanda ke rage girman fayil kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba, kuma kyauta ne. Ban ambace shi ba don gudun a ce na faye musu. Na matse su zuwa MP3 a kilobit 64 duk daƙiƙa, awa guda ta koma megabait 30, na goge na asali, wato WAV ɗin.

MP3 na samun ƙanƙantarsa ne ta hanyar watsar da abin da yake ganin kunne ba zai kama ba: siririn sautin da ke can sama, da ƙaramar ƙarar da babba ta danne. Abin da ya watsar kuwa ya tafi. Ko ka sake mayar da shi WAV, buhu kawai ka ƙara wa girma, hatsin da ya zube ba ya komowa.

Da damina rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, kaset suka yi funfuna. Bayan nan ɗan wani marigayi mai goge ya zo neman kiɗan mahaifinsa. Na zauna in cire masa shuuu ɗin kaset daga MP3 ɗin da ya rage, sai gogen ya koma kamar a ƙarƙashin ruwa ake jan sa. Ya saurara har ƙarshe, ya cire abin kunne, ya ce, "Malam, wannan ba gogen Baba ba ne." Ban sami abin ce masa ba.

A taron mako, gaban kowa, oga ya dube ni ya ce wa ya ba ni izinin goge na asali. Ba ni da umarninsa a rubuce, don haka ni na sha takardar gargaɗi. Har yau abin na yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ga ƙannen da na bari: umarnin da ya shafi gogewa, ku nemi a rubuta shi. Ku ajiye na asali a WAV ko FLAC, wuri biyu. A kansa ake gyara, MP3 sai a ƙarshe, don aikawa. Saƙon murya na WhatsApp ma matsattse ne, ku nemi ɗan rahoto ya turo fayil ɗin da ya naɗa.

'Yan kaset ɗin da ruwa bai taɓa ba na sake juye su a FLAC, a ma'ajiyar da na saya da albashina. Tana cikin durowa ta biyu, na rubuta sunan kowane makaɗi.