Ranar da na cire kalmar "zargi"

A watan Fabrairun 2008 ina ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kano, ni ke fassara labaran ƙetare. Da la'asar sai ga labari daga Landan: wasu lauyoyi sun tara 'yan jarida, sun ce bayan gumurzun da aka yi kusa da Majar al-Kabir a kudancin Iraƙi ranar 14 ga Mayun 2004, sojojin Birtaniya sun kama mutane da ransu, sun azabtar da su, sun kashe kusan 20 a sansaninsu. Cikin lauyoyin har da Phil Shiner na Birmingham. Ban yi wata-wata ba na fassara, na sa shi a sahun farko, na kuma cire kalmar "zargi" daga kanun labarin don ina ganin tana rage masa kaifi.

Na san abin da ya ja ni. Hotunan Abu Ghraib, kurkukun Iraƙi inda sojojin Amurka suka azabtar da fursunoni, suna nan a idona. Ga Baha Mousa, ma'aikacin otal da ya mutu a hannun sojojin Birtaniya a Basra a 2003, jikinsa ɗauke da rauni 93, kuma Shiner ɗin nan ne ya tsaya wa iyalinsa. Tun kafin in gama karanta takardar zuciyata ta yanke hukunci.

Sai a Disamban 2014 kwamitin binciken Al-Sweady, da gwamnatin Birtaniya ta kafa kan wannan zargi ƙarƙashin Sir Thayne Forbes, ya fitar da rahotonsa. Ya tabbatar an wulaƙanta wasu daga cikin mutum 9 da aka tsare, amma maganar kisa da azabtarwa ƙarya ce da aka shirya da gangan. Mutanen da aka ce an kashe a sansanin, a fagen fama suka mutu, sojoji suka kwaso gawarwakinsu don tantancewa. A 2017 aka kori Shiner daga aikin lauya, bayan ya amsa cewa ya biya wani ɗan tsakani kuɗi a kan samo masu ƙara.

Abin da har yau yake cina shi ne, rahoton 2014 ko layi biyu ban ba shi ba. Wanda ya saurare ni a 2008 yana can da abin da na faɗa masa.

Tun daga nan na sauya yadda nake aiki. Lauya ba ganau ba ne, wakilin ɓangare ɗaya ne, kuma shigar da ƙara ba hukunci ba ne. Idan na ga an kira kyamarori kafin a je gaban alƙali, nakan tambaya wa ya kira taron, wa ke biyan kuɗin shari'ar, wa ya haɗa lauyan da shaidun. Ina da littafin da nake rubuta duk ƙarar da na ba da labarinta, in riƙa komawa ina duba inda ta kwana.

Ɓarnar ba a kan sojojin da suka yi shekaru cikin tuhuma kaɗai ta tsaya ba. A 2017 gwamnatin Birtaniya ta rufe IHAT, hukumar da ke binciken ƙorafe-ƙorafen 'yan Iraƙi, masu gaskiyar cikinsu ma aka koma yi musu kallon maƙaryata.

Da Shiner ya amsa laifin zamba a kotu a 2024, na nace sai an karanta labarin a sahun farko, kuma na sa sunan Baha Mousa a ciki.