Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a ciwon cikin Autana

Assalamu alaikum. Jiya Laraba likitan yara ya duba Autana, ya danna cikinsa ya ji shi laushi, ya ce mu tafi sai bayan wata 3. Tun a cikin Adaidaita nake hawaye, kuma na yi niyyar ba zan kwanta ba sai na gode wa mutanen da Allah Ya haɗa mu da su a watanni 7 ɗin nan.

Ga wanda bai sani ba, yaron nan shekararsa 3 da wata 2, kuma tun yana shekara 2 da rabi aka tabbatar mana yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Bai fara magana ba. Dama can abincin da yake yarda da shi bai wuce kala biyar ba: biredi, taliya, madara, farar shinkafa da koko. A wani zauren WhatsApp aka ba ni shawarar in cire masa duk abin da aka yi da alkama da duk dangin madara, wai da yawa sun yi haka yaransu sun buɗe baki. Uwa ce ni, na yi. Sai ya zama saura shinkafa da koko kaɗai.

Ba a yi wata ɗaya ba yunwa ta taso masa irin wadda ban taɓa gani ba. Ya cinye kwano, ya kamo hannuna ya ja ni kicin, a ƙara masa, ya sake jawo ni. Ƙarfe 2 na dare ya tashi yana kuka yana buga tukunya. Har ƙasar jikin katanga na kama shi yana ɓantara yana ci. Cikinsa ya yi tauri kamar ƙwarya, sai ya kwana 5 ko 6 bai yi bayan gida ba, daga baya kuma ruwa-ruwa ya riƙa ɓata masa wando. Muka ɗauka gudawa ce, muka sayo maganin tsayar da ita, ashe ƙara toshe shi muke yi.

Godiyata ta farko ga likitan yaran nan ce, Allah Ya saka masa da Aljanna. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki biro ya zana mini hanji a takarda, ya nuna yadda tsohon bayan gida ya bushe ya tare hanya, sabon kuma yake tsiyayowa ta gefensa. Ya ce yaron da ba ya magana ba shi da yadda zai ce "cikina na ciwo", kuma wasu daga cikinsu ba sa rarrabe murɗawar ciki da yunwa, shi ya sa yake neman abinci. Ya sa aka gwada suga, aka ga lafiya. Aka gwada jini, aka ga ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda sau da yawa yake tafiya tare da cin ƙasa. Aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka ɗora shi kan laktulos, maganin da ke tausasa bayan gida, na tsawon watanni, sai da cikin ya fara tafiya aka soma maganin ƙarin jini, tunda shi ma yana iya busar da ciki. Da na tambaye shi batun alkama, ya ce bincike bai tabbatar cewa cire ta na magance galahanga ba. Akwai yaran da hanjinsu ba ya ɗaukarta da gaske, amma gwaji ke nuna hakan, kuma gwajin ma sai yaro yana cin alkamar yake fita daidai.

Sai malamar abinci ta asibitin, wadda ta zauna da ni kusan awa guda ranar farko. Ita ta fahimtar da ni farar shinkafa da tataccen koko ba sa riƙe ciki, ba su da dusar da ke tura bayan gida. Ba ta rubuta mana komai mai tsada ba. Wake, ƙwai, kunun gyaɗa, miyar kuɓewa da ta kuka, gwanda, da ruwa akai-akai. Ta ce a tsayar da lokutan ci guda 5 a rana, sabon abinci kuma a ajiye ɗan kaɗan a gefen wanda ya sani, ba dole, ba ɗure. Ƙwayar wake uku muka fara da ita. Ya fi mako biyu yana ture su da yatsa kafin ya kai ɗaya baki.

Hajiyarmu, surukata, ban san da wane baki zan gode miki ba. Lokacin da ake ta cewa cin nan ba na lafiya ba ne, wai da wani abu a jikin yaron, ke kika ce a yi masa addu'a safe da yamma, a kuma kai shi asibiti gobe-goben nan. Ke kika riƙa dama masa kunun gero da ɗan gari-garinsa kina ba shi da haƙuri. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Baban yara, na gode da dararen da ka karɓe shi don in runtsa. Yayata da ta ɗauke mini manyan yaran har mako 3, maƙwabciyata da ke raka ni asibiti tun asuba don mu samu layi, ma'aikatan jinya da ke rage surutu su bar shi ya riƙe murfin robarsa idan za a ɗebi jini, Allah Ya biya ku. 'Yar'uwar da ta ba ni shawarar farko, na san alheri kika nufa, ban riƙe ki da komai ba.

Yanzu yana bayan gida kusan kullum, yana kwana har asuba, ya daina taɓa katanga. Madara da biredi sun dawo, abincinsa ya kai kala 11. Maganar dai ba ta zo ba tukuna, muna zuwa wajen masu koyar da magana duk Litinin, ku ci gaba da sa shi a addu'a. Shekaranjiya yana cikin cin shinkafa da wake ya ture kwanon da saura a ciki, ya sauka ya tafi wasansa.