Ba yawan gyaɗa ke kawo yawan mai ba

Yau magana ta kan tsarin aiki ce, musamman ga iyayenmu mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a nan Maraɗi, don wallahi abin na damuna. Mace za ta kwashi adashi ko ta samu ɗan bashi, abu na farko da za ta yi shi ne ta ƙaro buhunan gyaɗa, tana ganin in kaya sun ƙaru to mai ma zai ƙaru, sai a yi wata guda ka ga bidon da take cikawa a rana bai canza ba, kuɗɗin kuma sun kwanta cikin mangaza.

Ku duba yadda aikin yake tahiya. A ɓare, a soya, a murje a sheƙe ɓawo, a kai inji a niƙa, a dawo da tunkuza a zuba ruwan zahi ana juyawa har mai ya taso, sannan a mulmula a soya ƙuli. To a ce suya na iya cin tiya 40 a yini amma hannun da ke matsa tiya 15 kaɗai yake iyawa, gidan nan tiya 15 yake aiki ba 40 ba, ko an ƙara kasko goma. Sauran soyayyar gyaɗar tana nan cikin roba tana jira tana shan iska, in ta kwana biyu man ma sai ya canza wari. Masu ilimin tsara masana'antu sun daɗe da gane wannan, matakin da ya hi kowane jinkiri shi ke yanke yawan abin da za a hitar, kuma nan ya kamata kuɗɗi su fara shiga. Ko a ɗauko yarinya ta biyu ta taya matsa, ko mata huɗu su haɗa su sayi ƙaramin injin matsa, ko ma kawai a daidaita da mai injin niƙa a san lokacin da za a kai, ba a je a tarar da layi ko wuta ta ɗauke a zauna har la'asar ba.

A 1913 Henry Ford a Amurka ya jera aikin haɗa mota mataki bayan mataki, motar na tahowa wurin ma'aikaci, aikin da ke cin awa 12 da wani abu ya koma kusan awa ɗaya da rabi. Jerin aikin ne ya canza. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma Taiichi Ohno na Toyota a Japan ya kawo tsarin kada a yi abu sai an buƙace shi, kuma yawan yin kaya hiye da buƙata shi ya ɗauka babbar ɓarna.

Amma fa ni ban yarda a kwaso na Toyota ɗungurungum a kawo nan ba. Su ana kawo musu kaya kan lokaci, mu gyaɗa sau ɗaya take zuwa a shekara, da kaka tana araha, kafin damina ta yi tsada. Kuma ba mu manta ba yadda Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 sai Disamban 2020 aka fara buɗewa, hanyar Dan Isa zuwa Jibiya ta tsaya cik. Don haka ajiya dole ce gare mu, sai dai da lissahi: tiya nawa kike ci a rana, kwana nawa kike jira kafin sabon kaya ya iso, ki ninka su ki ɗora ɗan abin ko-ta-kwana, da zaran mangaza ta sauka zuwa wannan adadi sai ki aika a sayo. Buhun kuma a ɗora shi bisa katako nesa da bango, wanda ya fara shiga shi zai fara hita, don gyaɗa in ta sha danshi tana hunhuna mai guba.

Duk wannan ba ya son kwamfuta, kaye ɗaya da biro sun isa, ko yaron gida ɗan lakwal ya riƙa rubuta tiya nawa aka soya, nawa aka matse, lita nawa ta hito kowace rana. Sati biyu ana rubutawa za ki ga inda aikin ke tsayawa da idonki.