Darussa daga aiki da sunayen matan Wales

Abin da aikin rajista da binciken asalin zuri'a suka koya mini game da sunayen matan Wales, wani yanki na Birtaniya, shi ne kama hannu. Yawancin ɓarnar daga gyaran abin da bai lalace ba take fitowa.

A ɗauki Bronwen. Gaɓa biyu ce: bron, wato ƙirji, da gwen, wato fara ko mai albarka. A harshen Wales, idan aka haɗa kalmomi irin haka harafin farko na ta biyun yakan sauya, g kuwa faɗuwa take yi, sai gwen ta koma wen. Haka aka samu Olwen da Blodwen. Namijin gwen shi ne gwyn, saboda haka a ƙa'ida ƙarshen wyn na maza ne. Sai dai a Ostiraliya Bronwyn ya zama sunan mata, har da Bronwyn Bishop, wadda ta shugabanci majalisar wakilan ƙasar daga 2013 zuwa 2015. Don haka a kwafi abin da ke kan takardar haihuwa kawai, kada a tsaya koya wa mai suna nahawu. Branwen kuma wani suna ne daban, daga bran, hankaka. Mai gaggawa kan mayar da shi Bronwen.

Tarkon da ya fi kama masu bincike yana cikin tsofaffin takardu. Kafin sunan iyali ya kafu, mace da sunan mahaifinta ake kiranta, a sa ferch a tsakiya, daidai da yadda muke cewa wance 'yar wane. Gwenllian ferch Gruffydd, wadda aka kashe a 1136 kusa da ganuwar Kidwelly tana jagorantar yaƙi da Normawa, 'yar Gruffydd ap Cynan ce, wato Gruffydd ɗan Cynan, sarkin Gwynedd da ke arewacin Wales. Mijinta ma Gruffydd ne, ɗan Rhys. Wanda ya ɗauka sunan miji ta ɗauka zai liƙa ta a reshen da ba nata ba, jikoki kuma su bi ta can.

Wajen furuci, dd kamar zalun ɗin Larabci take, f guda kuma v ce. Ita ll, a kafa harshe kamar za a ce l, a huro iska ta gefensa ba tare da murya ba. Alamar da ke kan a a sunan Siân tana nuna wasalin dogo ne, tsofaffin manhajoji kuwa kan shafe ta, sai a duba bayan an adana.