Shekarar da Na Riƙe Ludayi

A makarantar kwana ta gwamnati da na yi, ba da ƙuri'a ake zaɓen firifet ba. Malamai ne ke zama su tantance, sai wata safiya a asambili firinsifal ya karanto sunaye. Ana yin haka ne idan 'yan SS 3 sun tunkari jarrabawar WAEC, don su sauke nauyi su fuskanci karatu. Ni burina in zama hedboi, ko aƙalla shugaban ƙungiyar muhawara. Da aka zo kaina sai na ji an ce firifet na abinci. Abokaina suka yi ta murna, wai kakarmu ta yanke saƙa. Ni kuwa raina bai so ba, ina ganin an haɗa ni da tukwane da hayaƙi.

Tsarin dainin ɗinmu mutum goma-goma ne a tebur, kowane tebur da siniya a kansa, shi ke rabo. Da safe kunu, da rana yawanci shinkafa da wake, da dare tuwon masara da miyar kuka, wanda duk ɗan makarantar kwana ya sani da suna gabza. Aikina in tsaya a bakin kicin ana zubawa, in tabbatar kowane tebur ya samu, in sa a wanke kwanuka. Haka na ɗauka aikin ke nan, har zuwa mako na uku.

Wata rana bayan an watse daga cin abincin dare, na iske wani ɗan JSS 1 a bayan ɗakin kwanansu yana jiƙa kwaki a kofi, ko sukari babu. Na tambaye shi ina tuwonsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Siniya, na ƙoshi ne." Sai da na zauna kusa da shi na daɗe ina lallaɓa shi, sannan ya faɗa mini kwana huɗu ke nan siniyan teburinsu na haɗa rabonsa da nasa, shi kuwa sai ƙanzo idan ya rage. Abin da ya fi ci mini rai, na san wannan al'ada sarai. An yi mini ita ina aji ɗaya, ni ma da na shiga SS 1 na yi wa wasu, ina ganin hakkina ne tunda na sha tawa wahalar. Ban taɓa kiranta zalunci ba sai daren nan da na ga yaro yana lasar cokali a cikin duhu.

Washegari na je wurin babban kuku, dattijon da ya fi yawancin malamanmu daɗewa a makarantar. Na ce, "Baba, abincin ne ba ya isa?" Ya kama hannuna ya kai ni sito, ya nuna mini yadda ake auna hatsi da tiya bisa yawan ɗaliban da ke cikin rajista. Ya ce, "Ɗana, daga nan a cike yake fita. Tsakanin tukunya da bakin yaro ne yake raguwa, kuma wurin nan naka ne." Daga ranar na sayi littafi mai ƙwari na fara rubuta tebur nawa ne, mutum nawa a kowanne, wa ke kwance a asibitin makaranta, wa ya tafi gida. Ashe akwai teburan da ake ɗebar wa abincin mutum goma alhali bakwai ne ke zama.

Da izinin malamin da ke kula da abinci na kawo doka biyu: ƙananan aji su fara shiga, kuma mai rabo shi ne na ƙarshen ɗauka. Ta biyun ba ni na ƙirƙiro ta ba, a gidanmu na gan ta, haka kakata ke yi idan ana raba nama da sallah. Amma ta jawo mini baƙin jini. 'Yan ajinmu da muke cin kwano ɗaya tun muna ƙanana suka daina yi mini magana, wani ya zuba ruwa a katifata. Sau biyu ina shirya zuwa ofis in ce a ba wani. Abin da ya tsayar da ni, ina ganin yadda yaran nan suka fara shigowa dainin da gudu maimakon su raɓe a bakin ƙofa.

Watan azumi ya koya mini wani abin daban. Hankalin kowa ya koma kan sahur da buɗa baki, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Legas tun 1954, ita ke tashin mutane da asuba tana shirya tafsiri. Ni ma ɗan cikinta ne. A rana ta biyu shugaban FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista da ta samo asali a Gindiri a 1957, ya same ni ya ce, "Ɗan'uwa, jiya mutanena ba su ci abincin rana ba." Ba wanda ya hana su da gangan, mantawa aka yi, kuma ni ne na manta. Muka zauna ni da shi da amirin MSS muka fitar da sunayen duk wanda ba ya azumi, har da marasa lafiya da ƙananan yaran da ba su iya kaiwa magariba, aka ware musu tukunya. Da sallah ta zo, 'yan FCS ne suka tsaya suka yi mana rabon abinci muna masallacin idi.

Akwai kuskuren da har yau nake tunawa. Na kama wani yaro da burodi biyu a cikin riga, na zane shi a gaban jama'a ba tare da na tambaye shi komai ba. Daga baya na gano abokinsa ne ke kwance da zazzaɓi, shi zai kai wa, kuma sunan mara lafiyar na cikin littafina, da na duba da na gani. Na nemi gafararsa a cikin dainin, a inda na dake shi. Ya ce ba komai, Siniya. Amma daga ranar na ajiye bulala, kuma ina ganin bai kamata a ba yaro ɗan shekara 17 ikon dukan ɗan 11 ba, ko da wane suna aka kira muƙamin.

Yanzu nakan ji iyaye na cewa ƙungiyoyin makaranta ɓata lokaci ne, yaro ya zauna ya yi karatun JAMB kawai. Na fahimci damuwarsu, amma ban yarda ba. 'Yan ƙungiyar matasan manoma ne suka riƙa kawo mana alayyahu da yakuwa daga lambunsu, a wurinsu na fara ganin ana rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu. 'Yan ƙungiyar jarida na tashi su saurari BBC Hausa da safe, su karanta labarai da Turanci a asambili. 'Yan ƙungiyar kimiyya da ƙere-ƙere ta JETS ne suka gyara mana fitilar dainin da ta yi wata tana a mace. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fito a takardar jarrabawa.

Da lokacinmu ya yi, na miƙa wa magajina littafin, bangonsa duk manja. Na nuna masa shafin marasa lafiya na ce kada ya fara rabo sai ya duba nan. Sannan na raka shi sito ya gaishe da Baba.